Babayo Mai Bayanin Majigi

Idan ana lissafa mutanen kirkin Bauchi, don Allah a tsallake Babayo. Ni Khadijatu 'yar Ja'afaru na Miri na faɗa, kuma ko a gaban 'ya'yansa sai in maimaita.

Babayo ɗan cikin gari ne, ya yi elementare ya tsaya, sai baki kamar reza. Bakin nan ne ya samo masa aikin bayanin majigi wajen 1957. Majigin lokacin ba ya magana. A kafa farin ƙyalle a fili, a tayar da inji, shi kuma ya riƙe lasifika yana gaya wa jama'a abin da suke gani. Ƙa'idar aikin ita ce ya fara kallon fim kafin ya yi bayaninsa. Ina! Babayo ya wuce nan, shi fa mai karanta littattafai ne.

Wata shekara malaman gona suka zo Miri suka ɗauki babana a fim, tun daga zuba takin zamani har girbi, don gonarsa ta fi ta kowa kyau. Rabin gonar ta marayun ƙanensa ce, shi ke noma musu, shi ke ciyar da su. Aka sa wa fim ɗin suna Gonar Gado. Ashe akwai wani ɗan littafin hikaya mai wannan suna, labarin wani azzalumi da ya cinye gadon marayu. Ban da sunan, babu abin da ya haɗa su. Babayo ya ga rubutun a jikin gwangwanin fim, ya ce ai ya san labarin.

Ranar nunawa duk Miri muka taka zuwa gari, baba cikin sabuwar riga. Fuskarsa ta bayyana a ƙyalle, mata suka rangaɗa guɗa. Sai lasifika ta ce, "Jama'a, ga azzalumin nan! Ku dubi idonsa!" Baba na ɗura dawa a buhu, Babayo na cewa, "Haƙƙin marayu ke nan yake ɗurawa." Da yaran suka fito suna dariya, ya ce, "Allah sarki, dariyar yunwa!"

Mutane suka yi ta waiwayowa suna kallon baba. To, wa zai ƙaryata majigi? Kafin ruwan shuka ya sauka, dangin uwar yaran sun kwashe su, sun kai baba gaban alƙali. Alƙali ya wanke shi, amma bakin mutane bai sake shi ba. Ya daina zuwa kasuwa, ya daina zama a dandali. Shekarar samun mulkin kai ya rasu.

Babayo kuwa ƙarin girma ma aka yi masa. Don tsabar rashin kunya har ta'aziyya ya zo, ya baje a tabarmarmu. Ina ji ta bayan zana yayana ya tambaye shi, "Malam, ka taɓa gane abin da ka yi kuwa?"

Ya gyara hula ya ce, "Na gane mana. Daga baya na zauna na kalli fim ɗin a natse. Gaskiya littafin ya fi shi daɗi."