Barmo Mai Karɓar Wasaki

A wani ƙauye gabas da Olelewa akwai rijiya mai zurfin da in ka leƙa ba ka ganin ruwa, sai dai ka ji sanyinsa a fuska. Hannun mutum ba ya jan ruwan irin wannan rijiya. Sa ake ɗaura wa igiya a kora shi ya yi nisa, har wasaki ya hauro, wato babban gugan nan na fata. A bakin rijiyar mutum ɗaya ke tsayawa, ƙafa ɗaya a kan itace, ya miƙa jiki bisa ramin ya cafko wasakin, ya rungume shi ya kai kwami, wato mazubin da dabbobi ke sha a ciki, ya juye musu. Korar sa aikin mata ne da yara. Karɓar wasaki kuwa sai namiji, kuma a gidan su Barmo, Barmo ne namijin.

Tun gemu bai fito masa ba ya karɓi wurin daga hannun mahaifinsa. Ba shi da surutu, gonarsa ma ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya iya ke nan. Fulani da Buzaye in sun gangaro da rani shi suke ba shayar da garkensu, su sallame shi da nono, wani lokaci da ɗan akuya. Da wannan ya auri Ikilima, da wannan ya yi wa ƙanensa Manzo aure.

Ranar da abin ya same shi ba ta bambanta da sauran ranaku ba. Wasaki ya hauro, ya miƙa ya ɗago, sai ya ji ƙas a ƙugunsa kamar an karya karan gero. Bai saki wasakin ba, kai Barmo! Sai da ya kai kwami ya juye, sannan ya zauna cikin laka ya kasa tashi. A amalanke aka kai shi gida.

Mutanenmu kuwa kun san su da tattalin majinyaci. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka hana shi ko ɗaukar buta. Wanzami ya yi masa ƙaho, mai ɗori ya zo ya mammatsa ya ɗaure shi tamau da rawani. Duk wanda ya shigo gaisuwa magana ɗaya yake yi: kwanta, kada ka motsa. Ya kwanta. Rani ya wuce, damina ta zo ta wuce, yana kallon rufin ɗaki. Manzo ya riƙe bakin rijiya, wai kafin Yaya ya tashi. Da fari Barmo yakan tambaya ko ruwa ya ja baya, ko an sake igiya. Daga baya ya daina. Ba baƙin ciki yake yi ba, da ma shi ne, da ya fi sauƙi. Ba ya jin komai ne. In an kawo fura ya sha, in an manta ba ya tambaya.

Ikilima ce ta gaji, ta sa aka ɗauke shi zuwa asibiti a Tanut. Aka ɗauki hoton ƙashinsa. Majo, wato malamar asibitin, wata mace mai saurin magana, ta duba hoton, ta sa shi ya ɗaga ƙafa ya sauke.

"Baba, ƙashinka bai karye ba. Tun yaushe kake kwance?"

Ikilima ta faɗa mata. Majo ta riƙe baki.

"Ai kwanciyar ce ta cinye ka! Dubi ƙafafun nan. Tashi za ka yi, ka koma aiki da kaɗan-kaɗan. A rijiyar taku babu wani aiki da ba ɗaukar nauyi?"

"Akwai korar sa," in ji Ikilima a hankali.

"To shi ke nan. Tafiya ce, je ka dawo, ita ce maganinka. In bayan ya yi ƙarfi sai ka gwada ɗauka, amma ka durƙusa da gwiwa, kada ka sunkuya."

Baiwar Allah gaskiya ta faɗa, sai dai ba ta san ta tura mai furfura aikin 'yan mata ba. Ikilima ta sani, shi ya sa ta kafe ido a ƙasa. Barmo ya ce to.

Kuma ya yi. Ya karɓi sanda ya bi bayan sa, ya je ƙarshen igiya ya juyo, ya sake komawa, tun safe har rana ta take. Mata suka ba shi hanya, ba mai kallonsa a ido. Wani Buzu da ya san shi tun da ya ce, "Barmo, girma aka ƙara maka?" Aka yi dariya, shi ma ya buɗe haƙora don kada a ce ya ji haushi. Maganar majo kuwa ta kama. Ƙafa ta yi nama, ya koma salla a tsaye, har tulu yake ɗauka daga ƙasa, gwiwa a lanƙwashe yadda aka koya masa.

Da zafi ya tsananta, rijiya ta cika da raƙuma, Manzo ya sauko daga kan itacen a gaban kowa.

"Yaya, bisimilla. Wurinka ne, aro na riƙe."

Ikilima ta karɓi sandar da sauri, ta kora sa, fuskarta cike da murna. Barmo ya hau, ya kafa ƙafa inda ya saba kafawa. Igiya ta yi ta gudu. Wasaki ya hauro cike, yana ɗiga, yana lilo a tsakiyar ramin. A nan ba wurin durƙusawa da gwiwa. Sunkuyawa ake yi, a miƙa baya bisa rami, ba wata dabara. Ya dubi wasakin. Bayan ba ya ciwo, wallahi ba ya yi. Hannun ne ya ƙi tafiya. Ya jira ya ji tsoro ko kunya ko wani abu, bai ji ba. Raƙuma na ta kuka, can nesa Ikilima na riƙe da sa, igiya a miƙe.

"Manzo, karɓa," ya ce.

Manzo ya karɓa. Barmo ya sauko ya bi igiyar har inda matarsa take, ya miƙa hannu. Ta ƙanƙame sandar a ƙirjinta, hawaye na zuba, ta ƙi ba shi.

"Ba ni, Ikilima. Dabbobin mutane na jira."

Ta sake masa sandar.