Jakadan Daddawa

Jiya na dawo daga aiki na tarar da Sabi'u, abokin zamanmu a unguwar Al Qusais, nan ƙasar waje, ya sha babbar riga da hula.

Maƙwabtanmu ne suka kai ƙara wajen mai gida kan warin daddawarmu, shi kuma ya ce ko mu sasanta ko mu tattara kayanmu. Shi ne muka ce Sabi'u ya je ya ba su haƙuri.

Na ce, "Malam, aike ne fa kawai. Wannan shigar ta mece ce?"

Ya ce, "Ɗan aike saƙo yake kaiwa. Ni jakada ne, da bakin ƙasa guda nake magana."

Sai da ya yi awa biyu ya dawo yana gyatsar shinkafar biriyani. "Khalas, magana ta ƙare, an ƙulla yarjejeniya. Daddawa sai ranar Juma'a, taga a buɗe."

Na ce, "Mu kuma me muka samu?"

"Sun ce in riƙa zuwa cin abinci kullum."

Jama'a, jakadan da ya sayar da ƙasarsa kan farantin shinkafa, kiranye za mu yi masa ko tuwon Juma'ar za mu hana shi?