Ɗaso da Mai Ruwan da Ya Sake Suna

Ɗaso ba ta iya rubuta ko sunanta ba, amma akwai shekarun da a unguwar Zahir ta Makka ba a ba baƙo hayar ɗaki sai an aika an tambaye ta.

'Yar wani ƙauye ce a wajen Gaya. Ta baro gida da mijinta Wada tana goye da 'yarsu, da niyyar aikin hajji, sai tafiyar ta cinye musu shekara goma sha uku. Sun yi ƙwadagon auduga a Sudan, kuma a wani zangon Hausawa kusa da Gadarif Wada ya rasu. Da ta iso Makka sai ta kafa kaskon ƙosai a ƙofar gida, da rana kuma ta tallata gyaɗa. 'Yarta na aikatau a Jidda, ta bar mata jika guda, Saudatu, mai shekara takwas, wadda Larabci ya fi Hausa zama a bakinta.

A lokacin gidajen talakawa ba su da famfo. Masu ruwa ne ke ɗebowa daga bazan, wato famfon unguwa, garwa biyu rataye a sanda, su shiga har tsakar gida su juye a randa. Mai ruwa ne kaɗai namijin da ke shiga gida maigida ba ya nan, ba a ce masa komai.

Bayan hajjin 1964 aka yi sabon mai ruwa. Ranar da ya fara shigowa gidan Ɗaso, ya sunkuya yana juye garwa sai rawaninsa ya zame. Saman kunnensa na hagu a yanke yake. Ɗaso ta ƙura wa kunnen ido.

Ta san kunnen nan. Shekara goma sha huɗu da suka wuce, a zangon Gadarif, mai wannan kunne Isa ake ce masa. Ya yaudari wata yarinya 'yar shekara tara, Shatu, ya kai ta gonar auduga ya ɓata ta. Ɗaso ce ta wanke yarinyar, ita ta yi jinyarta wata guda. Sarkin zango ya sa aka yi wa Isa bulala aka kore shi. Shatu kuwa har Ɗaso ta bar Sudan ba ta sake yarda ta fita ƙofar gida ba.

"Malam, yaya sunanka?" in ji Ɗaso.

"Mukhtaru, ya hajja." Ya juya ya dubi Saudatu da ke zaune tana ɓare gyaɗa. "Masha Allah. Jikarki ce?"

Ya zaro dabino uku daga aljihu ya miƙa wa yarinyar. Yana fita Ɗaso ta fizge dabinon ta jefa a murhu. Saudatu ta fashe da kuka tana tambaya, "Lesh, ya sitti? Don me, kaka? Me na yi?"

Ɗaso ta shiga gidan maƙwabciyarta Zali, ta ja ta ɗaki ta faɗa mata. Zali ta toshe mata baki da hannu.

"Yaya, ki rufa wa kanki asiri. Nan ba zango ba ne. In kika jefi mutum da wannan magana ba shaidu, ƙazafi ne, bulala tamanin za a yi miki. Kuma kin manta ba ki da iƙama? Kina zuwa wurin 'yan sanda takardar zama za su fara tambayarki, daga nan sai a sa ki a jirgin ruwa a mayar da ke gida."

"To in yi shiru? Gidanki ma yana shiga, Zali. 'Ya'yanki mata uku."

Zali ta sauke hannunta, ta zauna a bakin gado.

Washegari su biyu suka je wurin Malam Tijjani, dattijon da Hausawan unguwa suka ɗauka shehunsu, wanda ke shige musu gaba wurin hukuma. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya yi mata bayanin yadda abin yake. Umda, wato mai unguwa, yana da daftari, babban littafin da ke ɗauke da sunan duk wanda ya zauna a unguwar da sunan wanda ya tsaya masa. A ƙarshen daftarin akwai 'yan shafukan da yake rubuta waɗanda aka taɓa kamawa da taɓa mata ko yara. Duk mai gidan haya ko uban yara yana iya zuwa ya tambaya, a duba masa. Amma umda ba ya rubuta mutum a can da maganar baki. Sai da takardar alƙali, ko rubutacciyar shaida daga shugaban garin da abin ya faru.

"Ko yanzu aka duba, sunan Mukhtaru fes yake," in ji Malam Tijjani. "Zan rubuta wa sarkin zangon Gadarif, in ba alhazan da ke komawa. Kafin amsa ta zo, Hajiya, kada ki kama sunansa ko a gaban wa. In kika kama, ba zan iya fitar da ke ba."

Kwana saba'in da biyu aka yi ana jira. Ɗaso ta daina sayen ruwa, ta koma ɗauko tulu da kanta duk da ciwon gwiwa. Ta mayar da farantin gyaɗarta bakin bazan, inda za ta ga duk gidan da Mukhtaru ya nufa. In ya shiga gida ya jima, sai ta miƙe ta je ta yi sallama da ƙarfi, wai tana neman aron ludayi. Ta bi gida gida tana ce wa mata, "Kada ku bar yarinya ita kaɗai da mai ruwa, ko wane ne." Sauran masu ruwa suka ji haushi, wasu suka daina gaishe ta. Abinci ya daina shigar mata, zanenta ya fara yi mata yawa.

Shi ma ya lura. Wata rana ya sauke garwoyinsa kusa da farantinta, ya ɗauki gyaɗa yana ɓarewa a hankali.

"Ya hajja, kamar na san fuskarki a Gadarif," in ji shi, yana murmushi. "An ce masu kamen marasa takarda sun kusa shigowa Zahir. In aka tafi da ke, wa zai kula da yarinyar nan?"

Ɗaso ba ta ɗaga kai ba. Sai da ya tafi ta ga gyaɗar da ke hannunta ta murƙushe.

Bayan kwana huɗu ta je kasuwa sayen wake da hantsi. Da ta dawo, tun daga bakin lungu ta hango garwa biyu da sanda a jingine a ƙofar gidanta. Ta yar da kwandon, waken ya watse, ta ruga tana kiran Saudatu. Ta same shi tsaye a tsakar gida, hannunsa a kan labulen ɗaki.

"Ruwan sadaka na kawo miki," in ji shi. "Na ga kina wahala da tulu."

Ta ture shi ta faɗa ɗakin. Babu kowa. Ta duba ƙarƙashin gado, ta duba bayan gida, tana ihu, har muryar Zali ta zo ta kan katanga: "Tana nan, Yaya! Tana wurina! Na gan shi ya nufo, na ɗauke ta ta katanga." Ɗaso ta durƙushe a ƙasa. Shi kuwa ya fita, ya saɓi sandarsa, bai ko yi sauri ba.

Amsar ta iso a hannun wani ɗan kasuwa. Sarkin zango ya rubuta sunan Isa da na ubansa, ya siffanta kunnen, ya faɗi abin da ya aikata da hukuncin da aka yi masa, dattawa uku suka sa hannu. Malam Tijjani ya kai wa umda. Aka kira mutumin aka ce ya cire rawani. Bai musa ba, bai kuma amsa ba. Da yake ba a kama shi da komai a Makka ba, ba a hukunta shi ba. Umda ya rubuta sunayensa biyu a ƙarshen daftari, ya hana shi ɗiban ruwa a bazan, ya ba shi kwana uku ya bar unguwa, ya kuma aika wa masu unguwannin da ke kusa.

Ɗaso ta tambayi Malam Tijjani, "To unguwannin da ba na kusa ba fa?"

"Kowane umda da nasa daftarin, Hajiya. Namu a Zahir ya tsaya."

Bayan wata biyu aka ji labarin wani mai yankakken kunne a Kudai, can kudancin gari inda motocin alhazai ke tsayawa, ana kiransa Hassan. Ɗaso ta karɓi kwafin wasiƙar ta tafi har can, ta nemi umdan wurin, ta shiga gidajen mata. Da ta kai ɗakin da aka nuna mata, tabarma kawai ta tarar.

Daga nan ne mutane suka fara zuwa wurinta. Ta zauna a zango bakwai tsakanin Chadi da Sudan, ta san fuskoki da yawa, kuma ba ta jin nauyin zuwa wurin umda a duba wa mace suna in mijinta ya ƙi zuwa. Abin da ba ta gani da idonta ba, cewa take yi ba ta sani ba. Ta ƙara riƙe wannan bayan abin da ya sami wani tsoho ɗan Zinder, mai sayar da asuwaki, wanda raƙumi ya ciji kunnensa tun yana yaro. Mutane suka ɗauka shi ne mai ruwan nan, suka taru suna jifansa. Ɗaso ta ratsa su ta tsaya a gabansa tana cewa ba shi ba ne, dutse ya same ta a goshi. Tsohon ya bar unguwar duk da haka, kuma abin ya daɗe yana damunta.

A hajjin 1967 ta sami aikin girki a Arfa, ta tafi da Saudatu don ba ta iya barinta. Bayan la'asar ta fito zubar da ruwan wanke-wanke, sai ga wani mutum cikin harami, kansa a buɗe, taku goma daga inda take. Ta ga kunnen. Ya juyo kamar zai dube ta, sai ayarin alhazai ya ratsa tsakaninsu. Ta koma tanti da gudu ta damƙi hannun Saudatu, ba ta sake shi ba har rana ta faɗi, shatin yatsunta ya kwana biyu a hannun yarinyar. Daga baya da Zali ta tambaye ta ko ta tabbata shi ne, ta ce ba za ta rantse ba.

A 1969 gwiwar ta hana ta aiki, 'yarta ta zo ta tafi da su Jidda. A can ta rasu bayan shekara biyu. Ba wanda ya taɓa jin inda mutumin ya ƙare, ko da wane suna.