Barcin da Maigadi Ya Saya

A layinsu ba mai kiransa Maigadi sai baƙo. Yara sun raɗa masa Baba Tsawa, manya suka ɗauka, kuma in za a faɗi gaskiya sunan bai zalunce shi ba. Dogo ne siriri, idanunsa kullum jajur kamar wanda hayaƙi ya shiga. In ƙwallo ta daki ƙofarsa sai ya fito ba riga, ya yi ta ruwan faɗa har maƙwabta su leƙo ta taga. Kowa ya ɗauka halinsa ne. Shi ma haka ya ɗauka, har yakan ce wajen mahaifinsa ya gado. To, ba hali ba ne. Barci ne bawan Allah bai samu ba tun yana saurayi.

Gadin dare ne sana'arsa, bai taɓa yin wata ba. Ya fara da wurin gini, yana tsaron siminti da rodi, ya koma gidan mai, daga baya ya zauna a wani kamfanin ajiye kaya, inda ya yi furfura a bakin ƙofa ɗaya. Gari na wayewa zai miƙa makullai ga mai gadin rana, ya hau tsohon kekensa mai sirdi ɗaure da jar roba, ya nufi gida wai zai kwanta.

Gidan haya ne, ciki da falo, famfo ɗaya ga kowa da kowa. Bangon ɗakinsa shi ne bangon shagon mai walda. A falo mahaifiyarsa take kwance, tsohuwar da ƙafa ta daina ɗauka amma baki bai gaza ba, rediyonta kuma ba ya hutawa. Matarsa wanki da guga take yi wa mutane, saboda haka rabin gadon kayan wasu ne, ɗakin kuma zafin dutsen guga ya cika shi. Zai kwanta ya ɗora filo a ka, mai walda ya fara bugun ƙarfe, mata su fara rigimar layin famfo, Auta ta hau bayansa ta mai da shi doki. In ya yi sa'a ya ɗan runtsa. In bai yi ba ya tashi ya nemi wanda zai sauke wa.

Wata shekara kamfanin ya canja hannu, sabbin masu shi suka ƙara wa ma'aikata albashi. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma ga wanda ya saba kuɗinsa su ƙare kafin wata ya ƙare, ƙari ne. Ranar ya hau keke da albishir a bakinsa, har yana tsara yadda zai faɗa wa Maman yara. Sai taya ta yi faci. Ya tura keken cikin wani lungu da bai taɓa shiga ba, inda wani mai faci ke zaune a gindin bishiya. Ya zauna a benci yana jira. Can ya ji wani abu ya yi masa baƙo a kunne, ya kasa gane ko mene ne, sai daga baya ya gane shiru ne. Bai san lokacin da ya kife a bencin ba.

Mai faci ne ya tashe shi yana dariya.

"Baba, ka biya kuɗin faci ko ka biya kuɗin masauki? Munsharinka har ya kori min kwastoma."

Ya ba da haƙuri, ya ce gadin dare yake yi.

"Ai ga ɗaki can," in ji mai faci, ya nuna wata ƙaramar ƙofa da baki. "Sito ne da can, yanzu ba komai ciki sai gizo-gizo. Mai gidan neman ɗan haya yake, ba wanda yake so saboda ƙanƙanta."

Kuɗin hayar ya yi daidai da ƙarin, kamar an auna. Maigadi ya koma gida albishir ɗin na nan a bakinsa, bai fito ba.

Abin da ya saka a ɗakin bai taka kara ya karya ba: 'yar katifa ta hannu, filo, tsohuwar fanka, da baƙin labule da ya rufe tagar. Ranar farko ya kwanta yana jiran ƙarar ƙarfe, jikinsa a ɗaure. Ba ta zo ba. Da ya farka rana ta take, filo ya jiƙe da yawu, ya daɗe zaune bai san inda yake ba. Sai ya ji hawaye na bin kumatunsa, shi da ko a mutuwar mahaifinsa bai yi kuka a gaban kowa ba.

Masu cewa kuɗi ba sa sayen kwanciyar hankali, yawancinsu suna da ɗaki mai ƙofa. Maigadi dai ya saya, kuma ya ga amfaninsa. Ciwon kan da ya zame masa ɗan uwa ya tafi. Jan idon ya washe. Ya fara jin ɗanɗanon abinci har yana neman ƙari. Rannan ƙwallo ta daki ƙofarsa, yaran suka watse suna jiran tsawa, sai ga shi ya fito da riga a jiki ya buga musu ita da ƙafa. Suka tsaya suna kallon juna, ba wanda ya yarda ya fara ɗauka. Auta ta hau bayansa ya yi mata haniniya. Har mai walda ya samu gaisuwa.

Sai dai kafin ya kwanta a wannan katifa sai da ya yi ƙarya. Ya ce wa matarsa sabbin masu kamfanin sun ƙara musu aiki, ba zai riƙa dawowa ba sai rana ta yi tsaka, kuma ko sisi ba su ƙara ba. Ta tsine wa mugunta, ta ce Allah Ya isar masa. Daga ranar ta ɗauki wani sabon aiki a kan nata. Yana shigowa zai tarar ta dafa ruwan zafi ta zuba a roba, ta ce ya tsoma ƙafafunsa.

"Mutum ya tsaya dare, ya tsaya safiya," takan ce tana matsa masa dunduniya. "Amma kai, Baban yara, wahala karɓarka take yi. Dubi har kumatu ka ajiye."

Yakan yi 'yar dariya ya kalli rufin ɗaki. Ruwan ba ya ƙona shi, amma ji yake kamar ya cire ƙafar ya gudu.

Da idonsa ya washe kuma sai ya fara ganin abin da da can ba ya gani. Ya ga matarsa na gyangyaɗi a tsaye, dutsen guga a hannu. Ya tuna cewa in shi yana bakin ƙofar kamfani da dare, ita ce ke tashi ta juya Tsohuwa, ta kai ta banɗaki, ta canja mata shimfiɗa, sannan ta riga kowa zuwa famfo don ta samu ruwan wanki. Tsohuwar ba ita ta haifa ba, shi ta haifa. Shekara da shekaru yana kukan rashin barci a gidan, bai taɓa tambayar kansa yaushe ita take yin nata ba.

Wata rana jiri ya kwashe ta ta faɗi kusa da teburin guga. Ya kai ta asibitin unguwa. Nas ta auna ta, ta ce jininta ya hau, ta rubuta magani, sannan ta ce, "Mama, maganin nan ba zai yi aiki shi kaɗai ba. Ki riƙa samun barci."

Matar ta yi dariya har tana riƙe kai. "'Yar nan, a wace kasuwa ake sayar da shi? Faɗa min in aika."

Maigadi na tsaye a bayanta, hannunsa cikin aljihu, makullin ɗakin barcinsa na cikin tafinsa. Ya san kasuwar, ya san farashin. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Ya ce a ransa yau zai faɗa. Suka dawo gida bai faɗa ba. Gobe ma haka. Tsoro yake ji, don ya san in ya faɗa kuɗin za su tafi ga magani da kuɗin makaranta, wuraren da suka fi cancanta, shi kuma ya koma ƙarƙashin filo da bugun ƙarfe, ya koma Baba Tsawa. Abin da ya fi ba shi kunya ma, duk da wannan damuwar, yana ɗora kai a filon nan barci ke kwashe shi, mai daɗi, ba ko mafarki.

Ranar da asirin ya tonu, ba bincike matarsa ta yi ba. Wata sabuwar mai ba ta wanki ce ke zaune a bayan lungun, ta ɗauko kayan guga a ka za ta kai mata. Sai ga keke jingine da bango, sirdi ɗaure da jar roba. Ita ta yanko robar da hannunta.

Bugun ƙofar ya tashe shi. Ya buɗe da shatin filo a kumatu. Ta dube shi, ta ture shi gefe ta shiga, kayan na kanta. Ta leƙa bayan ƙofa. Ta ɗaga labule. Ta tsaya tsakiyar ɗakin tana neman inda za a iya ɓoye mutum, babu.

"Ina take?"

"Wa?"

"Kada ka raina min hankali, Baban yara. Wadda ka kama wa ɗakin."

"Wallahi ba kowa. Barci nake yi."

"Barci."

"Barci kawai. An ƙara mana albashi. Aikin ne ba a ƙara ba."

Da mace ta tarar, da ta san abin da za ta ce, don tun daga bakin keken ta shirya shi. Wannan kuwa ba ta shirya masa ba. Ta sauke kayan a hankali. Ta zauna a bakin katifar.

"Tun yaushe?"

Ya faɗa mata, kansa a ƙasa.

"Kana nan kwance, ni ina can ina hura wuta ina dafa maka ruwa." Muryarta ba ta tashi ba, shi kuwa da ta yi ihu da ya fi masa sauƙi. "A gaban nas kana tsaye. Kana ji ina tambayar kasuwa."

Ta ci gaba, ta ambaci Tsohuwa, ta ambaci takalmin Auta da ya tsage. Tana cikin magana sai ta dakata, ta karkata kai.

"Nan ba a jin komai," ta ce.

Fanka na juyawa. Ta jingina da bango don ta ji daɗin ƙarasa faɗan. Ta ce, "Kuma abin da ya fi ɓata min rai..." Ya jira. Kanta ya gangara a hankali har ya sami filo. Takalmi ɗaya na ƙafarta.

Ya daɗe tsaye yana kallonta. Bakinta a ɗan buɗe, hannayenta da sabulu ya cinye a sake a kan katifa. Rabon da ya ga fuskar nan ba a ɗaure ba har ya manta. Ya cire mata takalmin, ya gyara labule, ya fita ya ja ƙofar. Ya kira babbar 'yarsu a waya ya ce ta kula da Tsohuwa, mamansu ta tsaya wani wuri. Sannan ya aro bencin mai faci ya ajiye a bakin ƙofar ya zauna.

"Baba, yau gadin rana ne?" in ji mai faci.

"Rage murya," ya ce. "Gudumar nan ma ka ajiye ta. In ka yi asara ni zan biya."

Mai tura ruwa ya shigo lungun yana buga jarka, ya tare shi ya roƙe shi ya zagaya. Yara suka zo da gudu, Baba Tsawa ya kore su da raɗa. Duk gadin da ya yi a rayuwarsa kayan wasu ya tsare, bai taɓa yin wanda ya sa ido a kansa kamar wannan ba.

Sai da inuwar bishiyar ta kai bangon can sannan ƙofa ta buɗe. Ta fito tana gyara ɗankwali, shatin filo a kumatunta, idanunta sun yi fari. Ta dubi sama, ta dubi mijinta a benci.

"Ashe haka yake," ta ce.

Ya miƙe ya miƙa mata makullin da hannu biyu. Ya ce gobe zai mai da ɗakin, kuɗin kuma daga wannan watan hannunta za su riƙa zuwa.

"Ka mai da me? Kana so a dawo min da Baba Tsawa gida?" Ta karɓi makullin ta ɗaure a bakin zani. "Safiya taka. In ka tashi ka zo ka karɓi Tsohuwa da dutsen guga, yamma tawa."

Ya ce to. Ya ɗauko kayan gugar ya ɗaure a bayan keke, suka kama hanya yana turawa, tana gefensa. Har sun kusa fita lungun ta yi magana, ba ta dube shi ba.

"Da ka faɗa min tun farko, ni da kaina zan ce ka kama. Na fi kowa sanin ba ka barci. Kuɗin dai na yafe. Ruwan zafin ne ban san yadda zan yi da shi ba."

Ya ci gaba da tura keken, bai iya ɗaga kai ba.