Ƙugun Inna

"Wayyo ƙuguna!" Ai na san tuni kun fara dariya. Duk wanda ya zauna unguwarmu a Tsafe ya san wannan kukan na Inna, uwar maigidana. Matar da za ta ɗora ƙunshin auduga a ka ta taka har Gusau, tun ba a kawo hanyar jirgi ba, ta baro majiya ƙarfi a baya suna haki! Amma da zarar ta shigo gida ta saɓa jikanta, ta hango ni, sai ƙugu ya motsa.

Jikan nan ɗana ne na fari. Kun san sunansa, ni dai ba a bakina ba. An kawo ni daga Bungudu ina yarinya, ga kunya kamar ta kashe ni. Ɗan fari kuwa uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta ɗaukarsa gaban mutane. Da aka yaye shi Inna ta kwashe shi zuwa ɗakinta, ya zama mijinta na wasa, irin na kaka da jika. Ni kuwa da bakinsa ya buɗe sai ya raɗa mini suna Mai Tuwo. Kowa na dariya, ni ma ina yi, amma wallahi abin yana cina a rai. Tsorona kada yaron nan ya girma bai san ni na haife shi ba.

Kun tuna Inna da goro? Ƙwaya ɗaya sai ta yi kwanaki tana gutsura kamar ɓera, ta ƙulle saura a bakin zane. Rannan tana gyangyaɗi a inuwa, angon nata ya lallaɓa ya kwance ƙullin, ya kai wa akuya. Inna na buɗe ido ta ga akuya na tauna, baki ja wur.

"Auren ga ya ƙare!" in ji Inna. "Sake ni in tahi gidanmu!"

Yaro ya dube ta sama da ƙasa, ya ce, "Tahi. Amma ki bar hura."

Inna ta dafe ƙugu. "Wayyo! Kun ji mijin zamani. Ke, amshe shi ki wanke mishi hannu, ni ba ni iya duƙawa." Ta cusa mini shi a jiki. Wankin hannun nan na yi ta jansa har la'asar.

Maigidana, bawan Allah, shi ya ɗauki ciwon da gaske. Ya tafi har 'Yandoto ya ɗauko wanzami ya yi mata ƙaho. Inna na ganin aska ta zabura ta suri muciya. Jama'a! Wanzami ya yi waje ya bar zabirarsa, Inna na biye da shi, ta tsallake turmi kamar budurwa. Sai da ta kai zaure ta tuna ba ta da lafiya, ta dawo tana ɗingishi.

"Inna," in ji yaron, "jiya waccan ƙahwar ta."

"Ruhe mani baki! Ciwon tsuhwa yawo shika yi."

To, abu ba ya ɓuya. Wata maƙwabciyarmu ta shigo ɗibar wuta ta same ni goye da shi, ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! 'Yan Bungudu ba su san kunya ba? Ɗan hwari a baya, rana tsaka?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara kwance goyo ke nan sai muryar Inna daga ɗaki.

"Ke, in kin sauke shi ni da ke na! Wa yac ce ɗanta tag goya? Mijina na, aro nib ba ta. Ke kuma mai baki, in kina jin ƙarhi zo ki ara mani ƙugu." Matar nan ta fita ko wutar ba ta ɗiba ba.

Da damina ta kama Inna ta kwanta, wannan karon ciwon gaske, kuma ko sau ɗaya ba ta ce wayyo ba. Ba a jima ba Allah ya karɓi abarsa. Ranar sadakar uku gida ya cika da mata, ni ina rakuɓe a gefe. Yaron ya leƙa ɗakinta ya fito, ya koma ya leƙa. Yanzu ba mai cusa mini shi. Na sunkuyar da kai, na ce a raina shi ke nan, na koma Mai Tuwo.

Sai ga shi ya ratso mata ya tsaya a gabana, ya dafe ɗan ƙugunsa da hannu biyu, ya ɓata fuska.

"Wayyo ƙuguna! Inna, amshe ni."

Inna! Ni ya kira Inna! Mata suka fashe da dariya, hawaye na zuba. Na sure shi a gaban kowa, har da maƙwabciyar nan, na goya abina.

Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mata ƙaryar ƙugun nan, ya sa ta cikin ayyukanta na alheri. Yadda ta haɗa ni da ɗana, Allah ya haɗa ta da rahamarsa. Amin.