Leɓen Inna a kwamfutar Kawu

Ni ce ɗiyar fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take ce mini, ko ta ce wa ƙanwata, "Kira mini waccan." Haka ake yi a gidanmu, kuma abin bai taɓa damuna ba sai da ta rasu.

Bayan an watse zaman makoki, Gwaggo ta gaya mini cewa sau ɗaya bakin Inna ya suɓuce. A wani biki ne a Cadawa, ina ƙarama, na nufi tukunyar miya a kan wuta, ta firgita ta kira ni da sunana, mata suka yi ta yi mata dariya. "Ai har a waya aka ɗauka," in ji Gwaggo. "Tambayi kawunki."

Kawu ƙanen Inna ne. Yana da shago kusa da tashar Agiye, yana buga takardu, yana tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi a katin waya. Wayar da aka ɗauki bikin da ita ta daɗe da mutuwa. Bidiyon ya rage a tsohuwar kwamfutarsa kaɗai, duk wayar da ya tura wa sai ta ƙi buɗe shi.

Na yi kwanaki ina wuce ƙofar shagon in an taso daga lakol, wato makaranta, kafin na iya shiga.

"A'a, ɗiyata, yau kurma ta zo hira?" ya ce. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya bar wasa, ya jawo mini benci, ya kunna bidiyon.

Ga Inna da ludayi a hannu, ɗankwalinta ya zame gefe ɗaya. Ga wata 'yar yarinya ba takalmi tana nufar murhu. Inna ta juyo, ta buɗe baki. Babu sauti ko kaɗan.

Kawu ya ce abin da ake kallo da shi kamar amalanke ne, akwai inji a ƙasa da ke jan sa, kuma ana iya kwance wannan a ɗaura wancan. Tsohon injin bai taɓa ba shi wahala ba, amma bai san irin sautin waccan wayar ba. Akwai sabo. Ya canza, ya kashe kwamfutar, ya kunna.

Hoton ya koma kore, fuskoki sun farfashe. Amma na ji guɗa, na ji taɓarya a turmi, sai dariyar Inna, wadda take ƙarewa da ɗan tari. Na riƙe bakin benci. Ana gab da wurin sai sautin ya maƙale yana ta nanata kansa, fankar cikin akwatin kwamfutar ta hau kuka, komai ya tsaya. Sai da Kawu ya zare wayar wuta.

Mun sake gwadawa ranar, mun gwada washegari. Kullum a wurin take tsayawa. Ga shi sabon injin ya ɓata sauran aikin. Wani direba ya zo a kunna masa waƙoƙi ya zaɓa, kowace ta fara sai ta katse.

"Malam, aljanu ne suka shiga akwatin naka ko tsufa?" ya ce, ya karɓi katinsa ya fita.

Kawu ya sunkuya. Ya kara kunne jikin akwatin. Ni ma na ji, wata 'yar ƙara ƙas-ƙas da babu ita jiya. Ya ce duk zare wutar da muke yi yana cin ma'ajiyar da bidiyon ke ciki, wata rana za a kunna a tarar babu komai.

"Ke za ki faɗa," ya ce, bai dube ni ba. "Mu ƙara gwadawa?"

Na ce ya mayar da tsohon injin.

Har yanzu ina biyawa in ba mutane a shagon. Hoton yana tafiya lafiya lau, bai taɓa tsayawa ba. Ina kallon leɓenta. Wata rana in ga kamar sunana ne, wata rana in ga "Ke" ce kawai ta ja da ƙarfi. Gwaggo ta fara rikita labarin, yanzu cewa take a Gazawa aka yi bikin. Ƙarar cikin akwatin kuwa ƙaruwa take.