Ban Taɓa Kiran Sunanta Ba

Lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara hamsin da tara. Na ajiye aikin koyarwa a Manchester, mijina ya rasu, kuma Allah bai ba ni haihuwa ba. Makarantar mishan na yi, inda aka horar da mu cewa aikin da ba a kammala shi tsaf ba, ba a yi shi ba. Da wannan hali na nemi kansul, wato hukumar gari, ta ba ni riƙon yaro. Aka kawo mini yarinya 'yar shekara biyar gidana a unguwar Levenshulme, ɗiyar wata Bahaushiya da ciwo ya hana ta kula da ita. Aka ce idan al'amura suka daidaita, ina iya roƙon kotu ta bar mini ita har abada.

Cikin wata uku ta iya gyaran gado, ta iya gaisuwa a durƙushe, ta daina fitsarin kwance. Ni kuwa 'yar fari na ɗauke ta, saboda haka na yi mata alkunyar da mahaifiyata ta yi mini. Ba na kiran sunanta, ba na rungume ta gaban baƙi, ba na yabonta a bainar jama'a. Wata rana jami'ar kula da yara tana zaune a falona, yarinyar ta nufo ni da gudu da hoton da ta zana a makaranta, na kau da kai na ce ta je ta wanke hannu. Jami'ar ta tambaye ni dalili. Na ce mata ba ita za ta koya mini tarbiyya ba, domin ina riƙe da alli tun ba a yaye ta ba. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba.

Rahotonta ya ce gida tsaf, abinci wadatacce, amma babu shaƙuwa. Aka mai da yarinyar hannun wasu ma'aurata a Perry Barr, can Birmingham. Ranar tafiya ta kama gefen mayafina, ta tambaye ni da Turancinta ko na manta sunanta ne. Ko a nan bakina bai iya furta shi ba.

Masu cewa in yarda ni mace ce marar tausayi, ba zan yarda ba, ko da rahoto goma za a rubuta. Matsayin da na ba ta babu wanda ya fi shi a wurinmu. Kuskurena guda ne. A gida, kaka da gwaggo ne ke bayyana wa ɗan fari abin da kawaicin uwarsa ke nufi. Ita kuwa ba ta da kowa sai ni, ni kuma na yi shiru.

Duk wadda za ta karɓi riƙo a ƙasar nan, ta riƙe al'adarta, kada ta ji kunyar kowa. Amma ta buɗe baki ta yi bayani, ga hukuma da kuma ga yaron, tun yana hannunta. Tawa yanzu ta kai shekara goma sha huɗu, kuma iyakar saninta, akwai wata tsohuwa da ba ta so ta ba.